Kwali Arba'in da Ɗaya

Shagona na bayan tashar Samaru,
inda nake ɗinke kundin ɗalibai da zare da gam.
Nan Bishara ya same ni da la'asar sakaliya,
da littafi a hammata, bango ya rabu da jiki.
Ya ce, "Malam Ilu, nawa za ka ɗinka mini dubu?"
Na yi dariya.
Shi bai yi ba.

Ya ce a ƙasarsu bara waccan aka ajiye bindiga.
Jami'a ta buɗe, akwai allo, akwai benci,
akwai ɗalibai masu furfura da yaƙi ya cinye wa ƙuruciya.
Ɗakin karatu kuwa, wata bakwai mayaƙa na dafa shayi da shi.
Ƙamus ya fi jimirin wuta, in ji shi,
don haka da shi suka fara.
Abin da ya saura, kantocin ƙarfe da suka ranƙwafa,
da akwatin katuna:
sunan kowane littafi na nan, littafin ne babu,
kamar rajistar gari bayan annoba.

Muka shiga bi gida-gida.
Wani farfesa ya ba shi uku, ya sa shi rantsuwa.
Wani ya ba shi jawabi.
A Tudun Wada, Hajiya Gambo,
matar marigayi malamin ilmin ƙasa,
ta buɗe ɗakin da ke kulle tun sadakar arba'in.
Gara ta riga mu, ta karance rabi.
Ta ce, "Ku kwashe, jikokina waya suke karatu.
Sai dai kar ku goge rubutunsa na gefen shafi,
nan kaɗai ya rage yana gardama."

A Sabon Gari na ƙwato littafin tiyata
daga hannun mai balangu.
Na makara kaɗan:
shafi na casa'in ya riga ya tafi
ƙunshe da nama da yaji.

Damina guda muka yi a kai.
In an ɗauke wuta, fitilar waya a haƙori,
ni da basilla, shi da alƙalami,
yana sa lamba a gadon bayan kowanne,
yana faɗin sunansa ƙasa-ƙasa
kamar mai yi wa jariri huɗuba.
Na ce, wannan na noman rake ne,
ku da ko rijiya sai an yi gaba goma, wa zai karanta?
Ya ce, "Wani yaro zai shigo don ya fake wa rana,
ya buɗe shi don kunyar zama haka nan,
ya fita da tambaya.
Tambayar nake nema."

Kuɗin ɗari uku ya iya biya.
Sauran na rubuta a littafin bashi.

Ranar tafiya, motar masara ce ta yarda ta ɗauka.
Yaron mota ya ɗaga kwali ɗaya, ya dire,
ya ce, "Duwatsu kuke fitarwa waje?"
Kwali arba'in muka ƙirga.
Na arba'in da ɗaya ni na ɗaure shi da kaina:
basillata ta biyu, ƙullin zare, gwangwanin gam,
da littafin bashin nan,
tunda shi ma littafi ne, kuma kanta na da wuri.

Shiru, shiru, har kaka ta wuce.
Jiya saƙo ya shigo da hoto:
kanta huɗu a tsaye, an miƙe ƙarfen da guduma,
tabarma a ƙasa, takalma birjik a bakin ƙofa.
A ƙarƙashi ya rubuta:
"Wata ɗalibar likitanci, Zanuba,
ta kai shafi na tamanin da tara.
Ta ce a gaishe ka,
ta ce ina sauran?"

Yau na rufe shago da wuri.
Za ni Sabon Gari.